Yadda Ake Raba Lambu da Ɓeraye, Ko da Maƙwabci Ya Ƙi Sa Hannu

Ɓera ba ya tarewa a wuri sai ya sami abinci, ruwa da maɓoya. Duk lambun da ɓeraye suka addaba, waɗannan ukun suna nan, ko a cikinsa ko a bayan katangarsa. Shi ya sa mutum zai kashe goma a wannan watan, wata mai zuwa ya tarar wasu goman sun maye gurbinsu. Macen ɓera tana goyon ciki kwana 21 zuwa 23, ta haifi 'ya'ya 6 zuwa 12, kuma tana iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ta haihu. 'Ya'yan su ma da sun yi wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Babu tarkon da zai cim ma wannan yaɗuwar muddin abincin yana nan a zube. Don haka aikin yana da jeri: a gane inda suke, a yanke musu abinci, a kashe, sannan a toshe. Wanda ya sa na baya a gaba yakan yi wahala biyu. Maganar maƙwabci kuwa a tsakiyar aikin take shigowa, bayan ka gyara naka ɓangaren.

Kwana uku na farko: kallo kawai

Kada ka taɓa komai tukuna. Zagaya lambun da sassafe, ka sake zagayawa da tocila bayan duhu ya yi, kana bin gindin katanga, bayan ɗakin ajiya, ƙarƙashin tulin itace, gefen tarin taki da bakin magudanar ruwa.

Kashinsu ne zai fara gaya maka da wa kake yi. Babban ɓera mai haƙa rami, wanda gashinsa ruwan ƙasa ne kuma wutsiyarsa ba ta kai tsawon jikinsa ba, kashinsa yakan kai santimita 1.5 zuwa 2, bakinsa a dakushe. Baƙin ɓera mai hawa bishiya da rufi, mai wutsiya da ta fi jikinsa tsawo, nasa ya fi siriri kuma yana da tsini. Na ƙaramin ɓeran ɗaki bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba. Sabon kashi baƙi ne mai sheƙi da laushi, tsoho kuwa ya yi toka-toka, da an taɓa shi da tsinke sai ya marmashe. Babban ɓera ɗaya yana zubar da kusan guda 40 a yini, saboda haka tarin kashi a kusurwa ɗaya ba lallai runduna ce ta yi shi ba.

Bakin ramin babban ɓera faɗinsa santimita 6 zuwa 9 ne. Ramin da ake shiga bakinsa sumul yake, ga sabuwar ƙasa a baje a gabansa, babu yanar gizo, babu busasshen ganye. Yawanci akwai babbar ƙofa ɗaya, sai ƙananan kafofin gudu ɗaya ko biyu da aka ɓoye cikin ciyawa. Don ka tantance mai rai da wanda aka ƙaurace wa, dunƙule tsohuwar takarda ka cusa a baki sako-sako da sanda, ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda aka turo takardarsa waje, akwai mai gida a ciki. Kada ka zura hannu a rami ko da wasa, domin maciji ma yana fakewa a ramin ɓera.

Ɓera ba shi da ƙarfin gani, da gashin bakinsa yake laluben hanya, shi ya sa yake manne wa bango yana bin hanya ɗaya kullum. Za ka ga siririyar turba a cikin ciyawa, da baƙin maiƙo a jikin bulo ko katako inda cikinsa yake gogawa. Inda kake shakka, barbaɗa garin fulawa ko lallausan yashi a faɗin kamar tafin hannu huɗu da yamma. Da safe za ka ga sawu da jan wutsiya, har ma da inda suka nufa. Yi wannan a kowace kafa da ke jikin katangar da ta raba ka da maƙwabci, ka ɗauki hoto. Wannan hoton zai yi maka amfani nan gaba, kuma wani lokaci yakan nuna cewa daga naka gidan suke ƙetarawa zuwa nasa.

Zana taswirar lambun a takarda, ka sa alama a kowane rami mai rai da kowace turba. Idan abin da ka gani mai dogon baki ne mai tsini da wari, jaɓa ce, ƙwari take ci, ba ruwanta da amfanin gona. Idan kuwa gafiya ce, ta fi ƙarfin tarkon ɓera, sai babban tarkon keji.

Yanke abinci da ruwa

Babban ɓera yana cin giram 25 zuwa 30 a yini. Ɗan tsabar da kaji suka watsar da maraice ya isa ya ciyar da gida guda na ɓeraye. Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin kasala. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abincin kaji, na tantabaru ko na zomo ya koma cikin durom ɗin ƙarfe mai murfin da ke kamawa sosai. Buhu da bokitin roba ba sa hana komai, domin haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsirowa har ya mutu, kuma yana huda roba, katako, har da dalma. A ba dabbobi abinci da rana, a ɗauke mazubin kafin magariba, a share abin da ya zube. A kwashe ƙwai kullum. Mai zuba wa tsuntsayen waje hatsi ya dakata na wata guda. Kwanon kare da na kyanwa kada su kwana a waje, kashin kare ma a kwashe shi, domin ɓera yana cinsa.

'Ya'yan itacen da suka faɗo a tsince su kowace yamma. Masara, tumatir, kabewa da dankali, da sun nuna a cire su, kada a bar su a gona ana jiran ranar hutu. Kwandon shara ya zama mai murfi, kuma a duba gindinsa, sau da yawa ta ƙasa ake huda shi.

Tarin takin da ake ruɓarwa yana ba ɓera abinci da ɗumi a wuri ɗaya. Kada a zuba masa dafaffen abinci, nama, kifi, ƙashi ko burodi. A juya shi da cokalin taki sau ɗaya a mako, a riƙa yayyafa masa ruwa ya zauna da danshi, domin ɓera busasshen wuri yake so wanda ba a motsa shi.

Babban ɓera ba ya yini biyu lafiya ba ruwa, saɓanin ƙaramin ɓeran ɗaki da danshin abinci yake isar sa. Gyara famfon da ke ɗiga, kife kwanoni da tsofaffin tayoyi, ka ɗauke ruwan kaji da dare.

Abu ɗaya da za ka ƙyale a yanzu shi ne maɓoyarsu. Tulin itace, tarkace da ramuka su zauna yadda suke. Idan ka tarwatsa su tun kafin ka kashe, ɓerayen za su watse, wasu su faɗa cikin gidanka, wasu gidan maƙwabta, turbobin da ka sha wahalar ganowa su tashi a banza. Ɓera mai yunwa da ke bin tsohuwar hanyarsa shi ne yake faɗa wa tarko.

Zama na farko da maƙwabci

Sai bayan mako guda, lokacin da naka ɓangaren ya tsabtata, za ka je wurinsa. Wanda ya je da ƙorafi alhali nasa kwandon sharar a buɗe yake, amsar da zai samu a shirye take.

Ɓera yakan yi kiwo ne tsakanin mita 30 zuwa 50 daga raminsa. A unguwar da gidaje suke manne da juna, wannan ya haɗa gida huɗu ko biyar. Sau da yawa ramin yana gida ɗaya, abincin yana gida na biyu, ruwan yana na uku. Wannan gaskiyar ita ce za ta sauƙaƙa maka magana, domin ba sai ka ɗora wa kowa laifi ba. Mutane da yawa suna jin maganar ɓera kamar an ce musu ƙazamai, kuma yawancin taurin kan da za ka gani kunya ce ta haife shi.

Same shi shi kaɗai, ba a gaban iyalinsa ko baƙinsa ba, kuma baki da baki, ba ta saƙon waya ba. Bayan gaisuwa, magana irin wannan ta wadatar: "Malam, ɓeraye sun dame ni a lambu. Na kwashe abincin kaji, na gyara bola, mako mai zuwa kuma zan ɗana tarko. Na ga suna da hanya ta ƙarƙashin katangarmu. Ko kun lura da su ta wajenku?" Ka fara da abin da ka yi, ka ƙare da tambaya, sannan ka yi shiru ka saurara. Idan dattijo ne, a ce "Baba" ko "Mama", a zauna a ƙasa da murya, kuma a fara da tayin taimako.

Abin da za ka roƙa ya zama ƙarami kuma takamaimai. "A gyara gidan nan" ba roƙo ba ne da mutum zai iya cikawa, kuma zagi ne a kunnensa. Amma "a riƙa ɗauke kwanon kaji da magariba na wata guda," ko "a bar ni in sa tarko huɗu a gindin katanga ta ɓangarenku," abu ne da za a iya cewa to. Idan kana da hali, sayi durom ɗin ko tarkunan ka kai masa. Ya fi maka araha a kan shekara guda kana kashe ɓerayen da ake kiwo a bayan katangarka. Gwada jawo sauran maƙwabtan su ma, domin wanda zai yi maka gardama kai kaɗai ba ya son a ce shi ne kaɗai ya ƙi a layin. Abin da ake so shi ne kowa ya ɗana tarkonsa a mako ɗaya.

Ko ya yarda ko bai yarda ba, kai dai ci gaba da naka.

Tarko

Tarkon ƙarfe mai bugawa, girman babban ɓera, shi ne makamin farko. Na ƙaramin ɓera ba ya kashe babba, rauni kawai yake ji masa ya koya masa wayo. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen guda ɗaya ko biyu. Matsakaicin lambu yana buƙatar 10 zuwa 12 a lokaci guda.

Ɓera yana tsoron duk wani sabon abu da ya tarar a hanyarsa, yana iya kauce masa kwana da kwanaki. Saboda haka ba a ɗana tarko ranar da aka ajiye shi. A sa masa abinci a bar shi a sake, kwana 3 zuwa 5, ana sabunta abincin duk safiya. Idan an cinye dare biyu ko uku a jere, sai a ɗana dukkansu a dare ɗaya. Daren farko da na biyu su ne suke kawo kamu mafi yawa, shi ya sa yawan tarkon yake da muhimmanci: waɗanda suka tsira sun riga sun ga abin da ya sami 'yan uwansu.

A ajiye tarko a kan turba, ya yi gicciye da bango, ɓangaren abincin yana kallon bangon, yadda ko ta wane gefe ɓeran ya zo zai taka harshen. Tazarar mita 3 zuwa 5 tsakaninsu, sai a jera biyu gefe da gefe a inda hanyar ta fi cunkoso. Kada a sa shi dab da bakin rami, a ja baya kamar mita ɗaya a kan hanyar. Baƙin ɓera kuwa a sama ake tare shi: a ɗaure tarkon da waya a kan katanga, reshe ko azarar ɗakin ajiya.

Duk tarkon da ke waje sai an rufe shi. Kife akwatin katako a kansa, mai kafa a gefe biyu, kowacce faɗin santimita 6 zuwa 7, a danne da bulo. Wannan yana kare yara, kaji, kyanwa da tsuntsaye, yana kare abincin daga ruwan sama, kuma ɓera da kansa ya fi sakin jiki a cikin duhu. Ɗaure tarkon da waya a jikin turke don kada wanda aka kama a ƙafa ya ja shi cikin rami.

Abincin tarko ya zama mai ƙamshi kuma mai mannewa, kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko ɗan busasshen kifi da aka ɗaure da zare. Mafi kyau ma shi ne abin da suka saba sata a wurinka. Girman ƙwayar wake ya isa. Idan ya yi yawa, ɓeran zai lashe ta gefe ya tafi. Idan kana tarar da abincin ya ɓace tarko bai tashi ba, ko dai harshen ya yi tauri, ko ƙananan ɓeraye ne, ko kuma tururuwa da dodon koɗi ne suke cinyewa. Fulawar da ka barbaɗa a gefe za ta nuna maka wanene. Idan kuma tarkon ya tashi babu kowa, wannan ɓeran ya ƙware, sai an canza wuri da irin abincin.

Duba su kowace safiya. Bayan mako guda kamu zai ja baya. Bar tarkunan a sake, ci gaba da sa abinci na mako guda ba tare da ɗanawa ba, sannan ka sake ɗanawa gaba ɗaya.

Allon gam, wato wanda ɓera yake takawa ya manne, ba mu ba da shawararsa. Dabbar tana daɗewa tana wahala, yana kama tsuntsu da ƙadangare, ƙura kuma tana kashe gam ɗin a waje. Ingila ta haramta shi ga wanda ba shi da lasisi tun 2024. Tarkon keji ma yana barinka da ɓera mai rai a hannu, kuma sakinsa a wani wuri kai wa wasu matsala ne. Na'urorin da ake cewa suna korar ɓera da ƙara, da man na'ana'a da makamantansu, ɓera yana sabawa da su cikin kwanaki. Kyanwa tana kama ƙanana, amma ba kasafai take tunkarar ƙosasshen ɓera ba.

Guba, idan ta zama dole

A lambun da ake kiwon kaji ko yara suke wasa, guba ita ce zaɓin ƙarshe. Idan tarko zagaye biyu bai rage su ba, ga abin da ya kamata a sani.

Mafi yawan maganin ɓera na yau yana hana jini daskarewa ne. Na farkonsu warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera a 1948, kuma zuwa 1958 an riga an sami ɓerayen da ba ya kashewa a Sikotilan. Daga nan aka fito da masu ƙarfi irin su bromadiolone, difenacoum da brodifacoum. Dukkansu ba sa kisa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 7. Jinkirin da gangan ne, don kada ɓera ya danganta ciwon da abincin. Wanda bai san haka ba yakan ɗauka maganin bai yi ba, ya ƙara zubawa. Illar masu ƙarfin ita ce suna daɗewa a hantar ɓeran, sai kyanwa, kare, mujiya ko shaho su ci gawar su ma su kamu.

Ana zuba guba ne a cikin akwati mai kulle da aka yi don haka, a soke dunƙulen a jikin sandar da ke ciki yadda ɓera ba zai ɗauke shi ya yar a fili ba. Akwatin a kan turba, a kafe shi. Bi adadin da aka rubuta a jikin kwalin, rubuta inda ka sa kowanne, duba bayan kwana biyu ko uku, ka riƙa zagayawa kullum kana tsince gawa. Idan an kai mako biyar ana ci ba a ƙare ba, ƙara guba ba zai magance ba: ko akwai wata mashiga da ba a gano ba, ko maganin ba ya kama su. Da an gama a kwashe ragowar duka.

Kada a sayi garin da ba shi da suna a jikin leda. Kada a gauraya guba da abincin mutane a ajiye a faranti. Masu saurin kisa irin su zinc phosphide ba su da makari, kuma ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba ba zai sake kusantarsu ba. Ƙwayar hayaƙin da ake sa wa hatsi a rumbu kuwa, kada a kuskura a jefa ta a ramin da ke kusa da gida. Iskar da take fitarwa tana bin ƙasa ta shiga ɗaki, kuma ta kashe mutane a cikin barci. Idan yaro ko dabba ya ci maganin ɓera, a tafi asibiti nan take da kwalin a hannu, ko da ba a ga alamar komai ba. Masu hana jini daskarewa suna da makari, wato bitamin K1, amma alamunsu ba sa bayyana sai bayan kwanaki.

Gawa da kashi

Fitsarin ɓera yana ɗauke da ƙwayar cutar leptospirosis, wadda take shiga ta rauni ko ta ido da baki, kuma tana daɗewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kwantaccen ruwa. Wasu nau'o'in ɓera suna yaɗa wata ƙwayar cutar da ake kira hantavirus, wani nau'in kuma a Afirka ta Yamma shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. Saboda haka ba a share busasshen kashi da tsintsiya, ƙurar ake shaƙa. Idan ɗakin ajiya ne, buɗe ƙofa da taga na minti 30. Sa safar hannu ta roba da takunkumi. Haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, fesa ya jiƙe sosai, bari minti 5, sannan ka goge da takarda. Gawar ma a fesa mata, a sa a leda biyu a ƙulle, a jefa a shara mai murfi ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Kayan lambun da aka gutsura a zubar, sauran a wanke sosai. Wanda ya yi zazzaɓi, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi a cikin mako uku bayan wannan aikin ya je asibiti, kuma ya faɗa wa likita cewa ya yi hulɗa da ɓeraye.

Toshewa

Idan takardar da ka cusa a ramuka ta yi mako guda ba a turo ta ba, lokacin rushewa ya yi. Fasa ramin da shebur har ƙarshensa, cika da tsakuwa da ƙasa, ka daddaɓe. Ramin da aka rufe bakinsa kawai, baƙon ɓera zai buɗe ya shige.

Yanzu ne za a kwashe tarkace. Itace da katako a ɗora su a kan dandamali santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, nesa da bango. A bar fili fetal kamar mita ɗaya a gindin katanga, domin ɓera ba ya son ƙetare sarari. A sare rassan da suka kai mita ɗaya kusa da rufi, a rage ganyen da ke hawa katanga.

Ɗan ɓera yana wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 12 ba, ƙaramin ɓeran ɗaki kuwa milimita 6 ta ishe shi. Don haka ragar da ake amfani da ita ita ce ta ƙarfe marar tsatsa mai ido milimita 6. Wayar kejin kaji idonta ya yi faɗi kuma ta yi laushi. Kumfar toshe kafa da tsumma da katako duk cinye su ake yi. Kafar bango a cusa mata raga sannan a shafe da siminti. Ƙasan ƙofar ɗakin ajiya a buga masa farantin ƙarfe. Akwatin taki da kejin kaji a shimfiɗa musu raga a ƙasa.

Idan ta ƙarƙashin katangar maƙwabci suke ɓullowa, haƙa siririn rami a naka ɓangaren, zurfin santimita 45 zuwa 60, ka tsayar da raga a ciki, ka lanƙwasa gindinta santimita 30 ya kwanta yana fuskantar inda suke fitowa gwargwadon yadda iyakarka ta ba ka dama, sannan ka mayar da ƙasa. Ɓeran zai haƙo ya ci karo da ƙarfe. Yi haƙan gaɓa-gaɓa, mita ɗaya ko biyu a lokaci guda, don kada ka raunana tushen katangar.

Akwai tushen da ake yawan mantawa da shi: fasasshen bututun ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa. Idan rami yana sake buɗewa kusa da murfin magudana duk da ka cike shi, kuma babu tulin ƙasa a bakinsa, daga ƙasa ake huɗo shi. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, kuma idan bututun na haɗaka ne da maƙwabci, gyaran ma na haɗaka ne.

Idan maƙwabci ya kafe

Kafin ka ɗauki mataki, gane irin ƙin da yake yi. Wanda tsufa, rashin lafiya ko rashin hali ya hana, hannu yake buƙata: yini ɗaya na aikin gayya da izininsa ya fi takarda goma. Ɗan haya sau da yawa ba shi da ikon gyara bututu ko katanga, mai gidan za a nema. Mai tara tarkace wanda ba ya iya rabuwa da komai, matsa masa ƙara kafewa yake sa shi, danginsa ne suka fi iya shawo kansa. Akwai kuma wanda yake watsa guba a fili. Shi a gaya masa kai tsaye cewa dabbobi da yara suna cikin haɗari, ka killace naka har sai ya daina.

Wanda kuwa ya ƙi don ƙi, a bi shi mataki-mataki. Koma sau ɗaya bayan mako biyu, da hotunan sawu da ramuka. Idan bai motsa ba, rubuta masa gajeriyar takarda mai kwanan wata: abin da aka gani, abin da ka yi a naka ɓangaren, abu ɗaya ko biyu da kake roƙo, da wa'adi mai ma'ana kamar kwana 14. Babu zagi, babu barazana, kuma ka ajiye kwafi. Daga nan a sa mutumin da ku biyun kuke jin nauyinsa ya shiga tsakani. Sau da yawa abin da mutum ya ƙi ji daga bakinka yana karɓarsa daga bakin wani, don ba zai zama kai ka kayar da shi ba.

Idan duk wannan bai yi ba, sai ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma. A ƙasashe da yawa jami'an tsabtar muhalli suna da ikon shiga su duba gida, su ba da takardar umarnin gyara. A Ingila, misali, dokar hana ɓarnar ɓeraye ta 1949 ta ba ƙananan hukumomi ikon tilasta wa mai fili ya ɗauki mataki. Tambayi ofishin yankinka abin da tasu dokar ta tanada. Tafi da littafin da ka riƙa rubuta kwanan wata da adadin ɓerayen da ka kama, da hotuna, da kwafin takardar. Ƙorafin gida uku ya fi na gida ɗaya nauyi. Ka sa a ranka cewa naka lambun ma za su duba. Ya fi kyau ka sanar da maƙwabcin da bakinka cewa za ka kai maganar, da ya ji ta daga bakin jami'i.

Kada ka tsallaka gidansa ba izini, ko da don sa tarko ne. Kada ka jefa guba ko gawar ɓera ta kan katanga. Idan karensa ko kajinsa suka mutu, laifin ya dawo kanka, kuma maganar ta tashi daga ta ɓera. Hoto ka ɗauke shi daga naka ɓangaren, na ramuka da sawu, ba na iyalinsa ko cikin gidansa ba, kuma kada ka watsa shi a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa.

Ko da bai taɓa gyara komai ba, lambun da babu abinci, babu ruwa, babu maɓoya, ɓera wucewa kawai yake yi ta cikinsa. Bar tarko uku ko huɗu cikin akwatunansu a gindin katangar, a ɗane, kana dubawa kullum. Sau ɗaya a mako ka bi gindin katangar da tocila, sau ɗaya a wata ka barbaɗa fulawa a tsofaffin turbobin. Ƙara sa ido lokacin girbi, lokacin da ruwa ya cika magudanai, da duk lokacin da ake rushe gini ko share kango a kusa, domin a waɗannan lokutan ne sababbi suke ƙaura. Idan ka fara jin motsi a silin ko cikin bango, ko ka ga an gutsuri wayar lantarki, aikin ya wuce na lambu, sai a kira ƙwararren mai lasisi, a sa mai gyaran wuta ya duba wayoyin a ranar.